Ragar Baba Tana Cikin Ruwa

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Ni ce Hajara daga Wara. Babanmu masunci ne. Ya dawo daga zuba raga ƙirjinsa ya riƙe, muka kai shi asibiti. Can zuciyarsa ta tsaya. Likitoci sun dawo da bugunta, amma bai farka ba, inji ke yi masa numfashi.

Na ce wa likita, "Zai tashi?" Ta haska idonsa da tocila, ta ce, "Baiwar Allah, ban sani ba tukuna."

A gidanmu wani ba ya ciro wa mutum ragar da ya zuba sai in ya rasu. Kifin da ke ciki yana ruɓewa. Kawu ya ce a ciro, Inna ta ce wallahi ba da ranta ba.

Jama'a, ku faɗa mini: mu ciro, ko mu bari?