Nuru Tana Kan Ruwa

Somoe: Salamu alaikum. Yaya Mwanaheri? Somoe ce, daga Ndau.

Mwanaheri: Wa alaikumus salam. Wa? Ɗaga murya, iska kawai nake ji.

Somoe: Somoe, matar Lali mai jirgin ruwa.

Mwanaheri: Somoe, ashe ana tunawa da mu. Ya tsibiri? Ya Lali, yana nan da faɗansa?

Somoe: Sai abin da ya ƙaru. Ya garin Lamu, ya ciwon gwiwa?

Mwanaheri: Ni da matakala dai mun daina gaisawa. Ya yara? Ya Nuru, amaryar bara?

Somoe: Ai ita ta sa na hau tudun nan neman layi. Watanta ya kama, Yaya. Ungozoma ta ce ɗan a gicciye yake, sai ta zauna kusa da asibiti.

Mwanaheri: Allah ya raba lafiya.

Somoe: Amin. Shi ne na ce ki sa a share mata ɗakin sama. Na haɗo miki buhun busasshen kifi da kwakwa, kamar kullum. Yaya? Layin ne?

Mwanaheri: Ba layi ba ne. Ɗakin sama ba ya hannuna.

Somoe: Wata ta riga mu?

Mwanaheri: Da ma a ce haka ne, da da sauƙi. Kin san gidajen garin nan duk sun koma masaukin masu yawon buɗe ido, har malaman makaranta suka rasa ɗakin haya. Sai hukuma ta ce duk mai sauke baƙon 'yan kwanaki sai ya yi lasisi irin na otal. Wallahi har guɗa na yi ranar.

Somoe: To ke ina ruwanki da otal?

Mwanaheri: Haka na ce da suka zo. Na ce matan tsibirai masu jiran haihuwa nake saukewa, kifi suke ba ni. Suka ce baƙo baƙo ne. Wai sai na yi matakala ta biyu, da banɗaki a kowane ɗaki. A gabana suka garƙame saman gidan maƙwabciyata. Na tsorata, Somoe. Na ba wani Bature hayar shekara, wannan doka ba ta hana ba. Kayan nutsonsa ya zuba a ciki ya tafi da makulli.

Somoe: Ɗakin da na haifi Nuru, kayan nutso ke kwana a ciki?

Mwanaheri: Ba ni sati, in bi gari in nema mata wuri.

Somoe: Yaya, tana kan ruwa. Sun tashi da Lali tun cikowar teku ta safe.

Mwanaheri: Kika sa ta a jirgi ba ki faɗa min ba?

Somoe: Yaushe aka fara ambaton tafiyar mai ciki kafin ta bar gaɓa? Ke kika koya min tsoron baki. Kuma yaushe aka taɓa neman izini a gidanki?

Mwanaheri: A kira Lali ya juya.

Somoe: Iska na bayansu. Ko ya juya, ya dawo min da ita wajen wa?

Mwanaheri: Dokar ta ce ban da dangi.

Somoe: Mu ba mu haɗa jini da ke ba.

Mwanaheri: Wa ya yanke mata cibiya? Tana nan binne a tsakar gidana, gindin furen yasmin. A gadona za ta kwana, ni in sauka tabarma.

Somoe: In suka garƙame miki gida fa? Shi kaɗai gare ki.

Mwanaheri: Na sani, kuma tsoron bai tafi ba. Saurara. Ki ce wa Lali ya bar buhun kifin a jirgi. Da shi unguwa ke gane baƙuwa.

Somoe: 'Yata ta shigo miki hannu rabbana? Da wane ido zan...

Mwanaheri: Haka 'yar gida ke shigowa.

Somoe: Yaya, katin ya kusa...

Mwanaheri: Kuma tun daga bakin lungu ta fara kirana Inna, da ƙarfi, kowa ya ji. Kin ji? Inna za ta ce. Somoe? Somoe?