Rumfar Yagana a Bakin Cadi

Ɗan Azumi: Alo! Alo! Ngigmi ce?

Amadu: Ngigmi ce. Wa ke ihu haka da tsakar rana?

Ɗan Azumi: Amadu na Gangara, mai tsaron tarho?

Amadu: Shi ne. Wa ke magana?

Ɗan Azumi: Ubangidanka ne, bawa. Ɗan Azumi, kukun kumandan, daga Tanut.

Amadu: La ilaha! Taubashi! Ina wuni?

Ɗan Azumi: Lafiya lau. Ina gajiya?

Amadu: Ba gajiya. Ya Damargu? Ya damina?

Ɗan Azumi: Gero ya yi kai, sai godiya. Ya baƙunta? Ya sauro?

Amadu: Sauro mun saba. Ya Inna? Ƙafar ta sake ta?

Ɗan Azumi: Me? Wa aka saka?

Amadu: Ƙafa! Ƙafar Inna!

Ɗan Azumi: Da sauƙi. Kullum tana cigiyarka. An ce ka yi ƙiba har wuyanka ya ɓace. An ce ma ka yi aure a ɓoye.

Amadu: Tsaya tukuna. Wa ya ba kuku tarhon soja?

Ɗan Azumi: Sarjan na barci. Na cika masa ciki da cinyar rago, ko ganga ba ta tashe shi. Auren fa?

Amadu: Wane aure? Surutun ƴan ayari ne. Faɗi abin da ke tafe da kai, na san ba gaisuwa ce ta sa ka satar waya ba.

Ɗan Azumi: Kumandan zai zo hutu nan wajenku bayan girbi. Wai yana son ya kwanta a rairayin bakin tafkin Cadi. Ka ji nasara! Rairayi har cikin tuwonmu a Damargu, amma sai ya wahalar da raƙuma ya je ya kwanta a na wasu, rana ta gasa shi ya yi ja kamar gauta.

Amadu: To, Allah ya kawo shi lafiya.

Ɗan Azumi: Ya ce ba ya son abincin bariki. Rumfunan bakin ruwa yake so, inda masunta ke ci. Ni zan yi masa jagora. Wace ce ta fi kowa iya kifi a garin?

Amadu: Alo? Waya na ƙara, ban ji ba.

Ɗan Azumi: Ka ji sarai! Maganar aure ka ji ta, kifi ne ya toshe maka kunne?

Amadu: Me ya sa sai wadda ta fi kowa? Ba ci zai yi ya tashi ba?

Ɗan Azumi: Ina ruwanka? Tambaya na yi.

Amadu: Da ruwana. Bara wani kaftin ya zo irin wannan hutun. Ya ci miyar wata Aishatu, ya lashe yatsu. Washegari gardawan bariki suka ɗora ta a raƙumi, sai Bilma, wai ta zama kukunsa. Ƴaƴanta suna nan hannun kakarsu. Tun daga ranar ba mai yabon miya a garin nan in akwai baƙo kusa.

Ɗan Azumi: Wato ni kake zargi? Ni da muka sha fura a ƙwarya ɗaya?

Amadu: Ban ce ba. Amma wa ke tsaye kusa da kai?

Ɗan Azumi: Akuyar sarjan. Kai wa ke kusa da kai? Na ji motsi.

Amadu: Ba kowa. Ke, ajiye akushin can, ki yi shiru.

Ɗan Azumi: Ba kowan ce ke kawo akushi?

Amadu: Maƙwabciya ce. Bari in gaya maka rumfunan. Akwai ta Rabi, gefen da masunta Buduma ke ɗaure kwalekwale. Banda take yi, kifi mai hayaƙi. Sai dai ƙuda sun fi masu ci yawa.

Ɗan Azumi: Wuce.

Amadu: Sai Hawwa, gindin tsamiya. Kai, taubashi, Hawwa! In ta gasa kifin karfasa, har daga tsibiri ake jiyo ƙanshi. Can za ka kai shi. Kada ka tsaya ko'ina, ka wuce da shi kai tsaye.

Ɗan Azumi: Hawwa. To. Yagana fa?

Amadu: Wa?

Ɗan Azumi: Yagana, Babarbariya. Wani Buzu mai ayari ya ce ya ci giwan ruwa da burabusko a rumfarta, da man shanu, har ya manta raƙumansa.

Amadu: Buzu! Mutumin da bai san komai ba sai nonon raƙumi, shi zai gaya maka kifi? Rufa wa kanka asiri. Kifinta kwantai ne. Gishiri kamar ta zuba Bilma cikin tukunya. Burabuskon duk tsakuwa.

Ɗan Azumi: Me ya fashe haka?

Amadu: Akushi ne ya faɗi. Ke, don Allah, zan yi miki bayani!

Ɗan Azumi: Maƙwabciyar nan taka tana da zafi. Kana dai da tabbas, abincin Yaganar ba ya ciwuwa?

Amadu: Wani gardi ya ci, sai da ya kwana bayan gari yana riƙe da wando. Ko kare ba na kai wa can.

Ɗan Azumi: Alhamdu lillahi! Allah ya yi maka albarka, bawa. Can zan kai shi.

Amadu: Ina?

Ɗan Azumi: Rumfar Yagana mana.

Amadu: Ba ka ji abin da na ce ba? Hawwa na ce!

Ɗan Azumi: Na ji. Matso da kunnenka, kada masu haɗa waya na Damagaram su ji mu. Mutumin nan ya gaji da ni. Shekaranjiya ya jefe ni da faranti, ya ce kifina takalmi ne. Ni ɗan Damargu, ina na ga kifi in ba busasshe ba? Ya rantse in ya je Cadi, duk wadda girkinta ya yi masa daɗi da ita zai dawo, ni in koma kiwon awaki. Shi ya sa na tambayi gwanar, don in kauce mata. Yanzu kuwa ka ba ni wadda za ta sa ya yi kewar tukunyata.

Amadu: Inna lillahi! Me ya hana ka faɗa tun farko?

Ɗan Azumi: In faɗa wa mai tsaron tarho? Bakinku ya fi wayar tsawo.

Amadu: Taubashi, saurara. Ƙarya na yi maka. Yagana ce gwanar, duk bakin tafkin nan ba kamarta. In ya ɗanɗana miyarta, ni da kai mun shiga uku. Hawwa ce ba ta iya ba, ita ce ta kwantar da gardin. Kai shi gindin tsamiya!

Ɗan Azumi: Ahaf! Ka ga irinta? Tun ɗazu Hawwa, Hawwa. Da na ce gwana nake nema, Hawwa. Yanzu na ce marar iyawa, Hawwa. Me ke tsakaninku? So kake ta gaje murhuna, ka riƙa zuwa Tanut cin cinyar rago?

Amadu: Wallahi ba haka ba ne! Yagana matata ce! Ita ce ta fasa akushin nan!

Ɗan Azumi: Matarka? Kai da ka ce surutun ƴan ayari ne? Ɗazu ba aure, yanzu har da mata mai rumfa. Kafin la'asar sai ka haifo mini jikoki.

Amadu: Bari in ba ta kan wayar ka ji da bakinta. Ke! Dawo!

Ɗan Azumi: Kowace mace ka tsinta a hanya za ta ce ita ce. Na san ka tun kana satar gyaɗar Kawu kana rantsuwa ɓera ne. Maganarka ta farko na riƙe, lokacin ba ka san inda na dosa ba.

Amadu: Lokacin ne na yi ƙaryar, wawa!

Ɗan Azumi: Wawa ne ya yaye ka. Ka gaya wa Yagana ta tanadi tsakuwarta, muna tafe bayan girbi. Kai, sarjan ya yi tari! Sai mun zo.

Amadu: Tsaya! Ɗan Azumi! Alo! Alo, Tanut! Damagaram, ku mayar mini da Tanut! Alo? Yagana! Ajiye muciyar nan, ba faɗa za mu yi ba. Zo ki gaya mini, kin iya ɓata miya?