Baba Jonah Mai Taya, da Motar da Muka Bari Ta Tashi

Jawabin da Malam Manga Siddiq, ciyaman ɗin direbobin tashar Bakin Kasuwa, ya yi a taron tunawa da marigayi Jonah George, a Jalingo, ranar Asabar, 10 ga Mayu, 1997.

Mai girma Rabaran Philemon da dattawan ikilisiya, wakilin Mai Unguwar Sarkin Dawaki, Malam Liman na masallacin tasha, shugabannin masu sayar da kayan mota, uwarmu Mama Mabel matar marigayi, Godiya da Nelson da sauran 'ya'ya da jikoki, 'yan'uwana direbobi da 'yan kamasho da masu faci, jama'a maza da mata, ina gaishe ku baki ɗaya. Sannunmu da wannan rashi.

Ku yi mini haƙuri in kun ga na kasa tsayuwa wuri ɗaya. Ni direba ne, ban saba da lasifika ba, kuma akwai maganar da ke cin raina mako shida ke nan. Zan zo kanta. Amma bari in fara da mutumin da ya tara mu.

Na san Baba Jonah tun Jalingo tana ƙaramar hukuma, tun yana faci a ƙarƙashin dalbejiya da famfon hannu da bahon ruwa. Da aka ba mu jiha a 1991, ma'aikata suka kwararo daga Yola da motocinsu, gari ya cika, shi ma ya kama shago a gefen Kasuwar Jalingo ya fara sayar da taya. Masu taya sun yi yawa a shekarun nan, amma duk wanda ya ce zai je wurin mai taya, an san inda ya nufa.

Ya kasance mutum ne da ba ya sayar maka da abu sai ya yi maka tambaya. Ranar da na sayi Fijo ɗina ta farko, na shiga shagonsa ina ɗoki, na ce, "Baba, ba ni huɗu mafi araha, ina so in fara lodi gobe."

Bai ko tashi daga benci ba. Ya ce, "Wace hanya za ka bi?"

Na ce Wukari.

"Mutum nawa kake ɗauka? Ban da doyar da za ka ɗora a but ɗin mota."

Na yi dariya na ce bakwai, in Allah ya kawo kasuwa takwas.

"Kuma na ga ƙafarka, ba ta da haƙuri a kan totur. To zauna."

Ya mirgino tayoyi uku ya jera a gabana. Ta farko gwanjo ce, irin wadda muke kira 'yar Beljiyam, baƙa wuluk tana ƙyalli, zanenta ya fito raɗau. Ya kama yatsana ya bi da shi cikin zanen, ya ce, "Ka ji kaushi? Wannan ta suɗe tun a ƙasarsu, wani ya sa wuƙa mai zafi ya sake yanka mata zane, ya shafe ta da mai. Tsakanin fasinjanka da kwalta saura ɗan abu kaɗan." Ya lanƙwasa gefenta, sai ga ƙananan tsaga kamar faso. Ya nuna mini lambobi uku da ke jikinta, ya ce biyun farko mako ne, na ƙarshe shekarar da aka yi ta, kuma roba tana tsufa ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba. Ta biyu sabuwa ce mai faɗi, mai tsada, ya ce ta masu gudu ce a titi mai santsi, ramin farko bayan Mutum Biyu zai kumbura mata gefe. Ta ukun ba ta da wani kyan gani. Ya buga ta da tafin hannu ya ce, "Wannan ita ce taka. Gefenta da kauri, tana ɗaukar kaya, tana jure zafi. In ba za ka iya huɗu ba, sayi biyu yau, ka dawo wata mai zuwa. Kada ka sayi huɗun banza don ka ce ka cika."

Na fita ina gunaguni. Tayoyin nan sai da suka yi mini shekara biyu.

Ya kasance ba ya tsoron babbar riga. Ina zaune a shagon wata rana wani babban ma'aikacin gwamnati ya zo da direbansa, ya nuna taya mafi tsada ya ce a ɗaura masa. Baba Jonah ya tambaye shi inda yake zuwa, ya ce rangadi, Bali da Gembu. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba za ta hau dutsen Mambila ta sauko lafiya ba. Ga wadda ta fi ta dacewa, kuma ba ta kai ta kuɗi ba." Mutumin ya ɓata rai ya ce, "Kai ne za ka faɗa mini abin da zan saya?" Baba ya ce, "Motarka ce, ranka ya daɗe. Amma direban nan ɗan wani ne." Daga baya mutumin ya ce a ɗaura wadda Baba ya zaɓa. Da suka tafi na ce, Baba, ka kori riba da bakinka. Ya ce, "Manga, ina so in gan su a kasuwa mako mai zuwa."

Ya kasance namu ne duka. Ni Musulmi ne, shi Kirista, amma ban taɓa jin ya tambayi mai mota inda yake ibada ba, sai dai ya tambayi iska nawa ya sa. Godiya, ke shaida ce, don a gabanki aka yi yawancin abin nan, kuma ke kaɗai ce a garin nan kike karanta gefen taya kamar yadda yake karantawa.

Hidimarsa mafi girma kuwa ba a shago ya yi ta ba. Tun 1993, bayan wani haɗari da ya ci mutum biyar a hanyar Yola, duk ranar Asabar da safe yakan rufe shago ya zo tasharmu da gejin auna iska a aljihu da guntun alli a hannu. Ya bi motoci ɗaya bayan ɗaya, ya tsuguna da gwiwarsa mai ciwo, ya duba. Tayar da ya ga ta mutu sai ya zana mata alama da alli. Ba ya karɓar ko kwabo, kuma bai taɓa cewa a wurinsa za ka sayi wata ba. Mun zage shi, jama'a, ku bar ni in faɗi gaskiya. Mun ce ya zo neman kasuwa. Wani ya taɓa cin kwalarsa a gaban fasinja. Asabar ta gaba ya dawo kamar ba a yi ba. Daga baya ƙungiyarmu ta kafa doka: motar da Baba Jonah ya yi wa alama ba ta lodi sai an canza taya. Ni na sa hannu a dokar nan.

Yanzu na zo kan maganar.

Ranar Asabar, 22 ga Maris, Baba ya yi wa tayar gaba ta motar Peter alama. Peter direbanmu ne, mai wagan da ke zuwa Wukari, mutum mai ladabi da iyali. Ya ce zai canza. Mako ya yi nisa bai canza ba. Ranar Alhamis, ana gab da Ista, tasha ta cika maƙil da masu tafiya gida, rabin motocinmu kuma suna layin mai. Mata da goyo suna tsaye cikin rana tun safe, suna kiran sunana. Peter ya same ni ya ce, "Ciyaman, sawu ɗaya kawai. In na dawo wallahi zan canza." Na kalli tayar, na ga an goge allin, amma ban manta wace ce ba. Na san Baba Jonah ba ya gari, ya tafi Mutum Biyu kai wa wani manomi tayar tarakta. Na ce wa Peter, "Yi lodi, amma ka tafi a hankali."

Ƙarfe biyu na rana, lokacin da kwalta take tafasa, tayar ta yi bindiga kafin a kai Mutum Biyu. Sitiyari ya ƙwace, motar ta tsallaka ɗaya hannun, ta yi karo da wata akori-kura. Akori-kurar da ke tahowa daga can ta Baba Jonah ce, yana dawowa gida. Shi da fasinjoji biyu na motar Peter, Hajiya Zulfa mai sayar da atamfa da Malam Tobias malamin makaranta, ba su kai asibiti ba. Peter ya rayu, an yanke masa ƙafar dama.

An ce ƙaddara ce, kuma na yarda babu mai wuce kwanansa. Amma ƙaddara ba ta sa hannu a dokar tasha ba, ni na sa, kuma ni na karya. Mako shida ina karɓar gaisuwa tare da ku, ana ce mini sannu da rashin aboki, ina amsawa. Na kasa zama a ofis, na kasa tuƙi.

Ranar Laraba da ta wuce na je gidan Baba na sami Mama Mabel tana tsintar shinkafa. Na durƙusa na faɗa mata duk abin da kuka ji yanzu. Ta ajiye tiren shinkafar. Sannan ta ce, "Manga, ban san abin da zan ce maka yau ba. Amma kai aka zaɓa ka yi magana ranar Asabar, ko?" Na ce e, kuma na zo ne in ce a ba wani. Ta ce, "A'a. Kai za ka yi. Ka faɗa a gaban direbobi yadda ka faɗa mini. Ba don ni ba, don matan da mazansu ke hanya."

Mama, na faɗa. Ban zo in matsa miki ki yafe mini a gaban jama'a ba, wannan naki ne, a lokacin da Allah ya sanyaya miki zuciya. Godiya, Nelson, mun ɗauke muku uba, kuma ba mu da abin da za mu mayar. Iyalan Hajiya Zulfa da na Malam Tobias, na ga kuna nan, ku ma ina durƙushe a gabanku. Ranar Litinin zan ajiye kujerar ciyaman, ƙungiya ta zaɓi wanda zai iya ce wa ɗan'uwansa a'a ranar da tasha ta cika. 'Yan'uwana direbobi, kowa a cikinmu ya taɓa cewa sawu ɗaya kawai. Ni na ga inda sawu ɗaya yake kaiwa.

Akwai saƙo ɗaya da Mama ta ba ni. Ta tambaye ni ina Peter. Na ce yana gidansa a Sarkin Dawaki, tun da aka sallame shi bai leƙo ƙofa ba, ya ce ba shi da idon da zai kalle ta. Ta ce a ajiye masa kujera a nan. Bai zo ba. Ta ce in bai zo ba, in an tashi a zuba abinci a kwano, ita da kanta za ta kai masa, ni in raka ta. Duk direban da yake da zuciya ya biyo mu, a ƙafa za mu je.

Muna godiya ga Rabaran da ikilisiya da suka buɗe mana ƙofa, da matan zumunta da suka yi girki, da duk wanda ya baro sana'arsa ya zo.

Allah, kai ka ba mu Jonah, kai ka karɓe shi. Ka ba Mama Mabel da 'ya'yanta haƙurin da mu ba za mu iya ba su ba. Ka dubi gidan Zulfa da gidan Tobias. Ka ɗaga Peter. Ka gafarta mini. Duk wanda ya fito daga gidansa yau, ka mai da shi ga iyalinsa lafiya. Amin.