Buƙatar Magatakarda da Muka Ɗage Sau Talatin da Ɗaya

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban majalisar gari da mataimakinsa, 'yan uwana kansiloli, malamanmu da dattawan unguwanni, ma'aikatan wannan gida tun daga injiniya har mai gadi, sannan Hajiya, uwargidan marigayi, da 'ya'yansa da jikokinsa da ƙannensa, ina gaishe ku, ina kuma yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Shugaba ne ya ce in yi magana da yawun majalisa, don ni na fi kowa daɗewa a kan kujera. Ya ce in taƙaita. Waɗanda suka san ni a zauren nan ba su taɓa jin tsoron zan tsawaita ba, don shekara goma sha huɗu ke nan ni ne mai miƙewa in kawo ƙudurin a rufe zama, har yaran ofis suka laƙaba min Kansila Mu-Tashi. Yau kam ku yi haƙuri da ni, ba zan yi saurin zama ba.

Shekara ashirin da shida Malam Magatakarda ya yi yana riƙe da alƙalamin wannan majalisa. Shugabanni biyar suka zo suka same shi. Ya kasance mutum mai zuwa aiki kafin mai shara, mai tashi bayan direba ya gaji da jira. Ya kasance wanda in ka tambaye shi yaushe aka yanke shawarar gyara magudanar bakin kasuwa, zai lumshe ido ya faɗa maka wata da shekara, ya ƙara da sunan wanda ya ƙi goyon baya, ko da kai ne. Ya kasance mai karanta wa tsoho takardar da aka aiko masa, ya fassara masa, ya raka shi har ƙofar ofishin da ya dace, kada a yi ta wasa da shi daga tebur zuwa tebur.

Ya kasance mai rufa mana asiri kuma, wannan ba wanda ya kai mu sani. Akwai ranar da kansiloli biyu, suna nan zaune, ba zan nuna su ba, suka kaure a kan inda za a kafa fitilar titi. Ɗaya ya kira ɗaya jaki, ɗayan ya cire takalmi. Da aka kawo bayanin zaman a wata na gaba, duk muka yi ɗokin ganin yadda zai rubuta. Abin da muka tarar shi ne, "Wakilai biyu sun bayyana ra'ayinsu da ƙarfi." Jikokinku za su karanta wannan su ɗauka dattawa suka gada.

To, na yabe shi, kuma duk abin da na faɗa gaskiya ne. Amma in na tsaya a nan na ci amanarsa karo na biyu.

Ofishin magatakarda a saman bene yake, matakala ashirin da uku daga ƙasa. Kimanin shekara uku da suka wuce zuciyarsa ta fara ba shi matsala, likita ya hana shi hawan bene. A ƙasa, daura da wannan zauren, akwai ɗakin da muka cika da karyayyun kujeru da tsofaffin allunan sanarwa da fankar da ba ta juyawa. Ya nemi a ba shi wannan ɗakin. Iyakar buƙatarsa ke nan a shekara ashirin da shida.

Sai dai muna da doka cewa ba a canza wa wani ɗaki aiki a gidan nan sai majalisa ta zauna ta amince. Mu muka kafa ta, lokacin da wani kansila ya mayar da ɗakin baƙi wurin ajiye abincin kajinsa, kuma Malam ne ya rubuta ta da hannunsa. Shugaba ya taɓa ce masa a tsaitsaye, "Malam, ka sa a kwashe tarkacen ka shiga mana, wa zai tambaye ka?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, in ni na fara tsallake ta, gobe da wane baki zan hana wani? A dai kawo ta gaban majalisa."

Shi ke tsara ajanda, wato jerin batutuwan da za mu tattauna a kowane zama. Da ya ga dama da ya sa buƙatarsa a lamba ta biyu, bayan addu'a. Amma tsarinmu shi ne batun jama'a a gaba, batun ma'aikata a baya, shi kuwa ya ɗauki tasa ya kai ta bayan na sauran ma'aikatan ma, can ƙasan takarda. Magatakarda kuma ba ya magana a zaure sai an tambaye shi. Zamanmu sau ɗaya ne a wata, daga ƙarfe goma zuwa ɗaya, abin da ba a kai gare shi ba sai ya koma zama na gaba.

Kun san yadda muke cin lokacinmu. Mun taɓa kwashe awa biyu a kan launin fentin da za a shafa wa kwandunan shara, kore ko ruwan toka. Mun yi zama uku a kan ko 'yan tireda za su matsa baya da taku biyu ko uku. Ƙarfe ɗaya na bugawa, ciki ya fara kira, waya ta fara ƙara, sai Kansila Mu-Tashi ya miƙe. Wani ya goya min baya, shugaba ya buga tebur, mu watse. Shi kuma ya sunkuya ya rubuta a gaban tasa buƙatar, "An ɗage zuwa zama na gaba." Sannan ya tattara takardunsa ya kama hawan bene.

Ba zan ce ban sani ba, kuma kada kowa a cikinmu ya ce bai sani ba, don takardar tana gaban kowa. Mun sha wuce shi a tsakiyar matakala yana dafe da bango, wai yana duba takarda, alhali numfashi yake nema. Mukan ce, "Sannu Malam," mu raɓa shi mu wuce.

Sau ɗaya tak ya buɗe baki. Wata uku kafin rasuwarsa ya tare ni a baranda kafin a shiga, ya yi ta juya biro a hannu, da ƙyar ya ce, "Ranka ya daɗe, yau ko za ka ɗan jinkirta mana minti biyar?"

Na ce, "Haba Malam, ai ko minti goma ne. Yau sai mun kai ƙarshen takarda."

Ranar aka ɓarke da gardama a kan tashar motocin haya. Ƙarfe ɗaya ta wuce da kwata, mota na jirana da kaya a ƙofar shagona, direban yana ta kirana. Na miƙe. Wallahi ina cikin faɗin ƙudurin na tuna alkawarina, na kalle shi, shi ma ya kalle ni. Da na ce na janye, da babu wanda zai hana ni. Kunyar a ce Mu-Tashi ya yi amai ya lashe ta sa na ƙarasa maganata. Bai sake tuna min ba, washegari ma shi ya fara gaishe ni.

Ranar Talatar da abin ya faru, ajandar zaman ya rungumo zai raba mana. Mai shara ce ta same shi zaune a kan matakala, takardu a warwatse, yana ce mata ta tsince su kada a taka. Kwana biyu ya yi a asibiti. Na san rai na Allah ne, kuma ba na jayayya da ajali. Amma ajali bai wanke mu ba. Bayan an yi jana'iza na hau ofishinsa na buɗe kundin bayanan zamanmu, na bi wata-wata ina ƙirgawa. Sau talatin da ɗaya, shekara biyu da wata bakwai, duk da rubutunsa mai kyau, ba ko ɗaya da ya ja wa layi.

A zaman farko bayan rasuwarsa, wadda ta riƙe masa aiki ta kwafo ajanda daga ta watan baya, buƙatar tana ƙasa yadda ya bar ta. Ranar ba wanda ya iya gardama, sai ga mu a ƙarshen takarda tun sha biyu ba ta yi ba. Shugaba ya karanta, muka ɗaga hannu. Na duba agogo, bai kai minti biyu ba. Mai gadi da direba suka kwashe ɗakin cikin safiya ɗaya.

Hajiya, yanzu da ke nake magana. Ranar da muka zo gaisuwa kin ce min, "Ashe ba a gama gyara masa ɗakin ƙasan ba? Ya ce min kun amince tuni, fenti kawai ake jira ya bushe." Na ce miki, "Saura kaɗan ne, Hajiya." Ƙarya na yi miki a cikin gidanki, kina cikin takaba. A lokacin ba mu amince ba. Ba a sayi fenti ba, ba a ɗaga ko kujera ɗaya ba. Shi ya faɗa miki haka don hankalinki ya kwanta, kuma don kada ki ga baƙinmu, mu da muke zuwa gidanki kina tarbarmu da fara'a. Ni kuwa don in tsira da mutuncina na faɗa. Da kin san gaskiya, na san da kin hana shi fita, ko ki zo ki tsaya a ƙofar zauren nan har sai mun ji kunya. Mu muka hana ki wannan damar.

Shugaba bai san zan faɗi wannan ba, ina neman afuwarsa, amma ba na janyewa. Ku 'ya'yansa, ku sani mahaifinku bai yi sakaci da lafiyarsa ba. Ya nema ta hanyar da ta dace, a wurin da ya dace, wurin mutanen da ya yi wa hidima, mu ne muka gaza. Kundin yana nan, duk wanda yake son gani a cikinku a buɗe masa. Hajiya, ban zo in matsa miki ki ce kin yafe a gaban jama'a ba. In kin yafe wata rana, alherinki ne. In kin kasa, babu wanda ya isa ya ga laifinki, ni ne na farkon wanda zai ce kina da gaskiya.

Ina godiya ga duk wanda ya baro aikinsa ya zo, da ma'aikatan da suka shirya wurin nan, da mai sharar da ta zauna da shi a kan matakala tana riƙe da hannunsa har mota ta iso. Ta yi abin da mu goma sha ɗaya ba mu yi ba.

Allah Ya jiƙan Malam Magatakarda, Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa haƙurin da ya yi da mu ya zama nauyi a mizaninsa. Allah Ya ba Hajiya da 'ya'yansa juriya, Ya raya abin da ya bari. Ya Allah, bawanKa ya daɗe yana jira a ƙofarmu, kada Ka sa ya jira a taKa. Mu kuma da muka san buƙatarsa muka miƙe muka tafi, Ka ba mu ikon tuba tun muna da sauran zama. Amin.