Mangwaron Bakin Ƙofa

A rumfar mai faci, wani direban tirela da wani dattijo suna jiran a gama musu taya.

"Baba, ka ga garejin can na tsallaken titi?" in ji direban. "Shi ya cinye mini taya. Kullum zuba tsakuwa suke, kullum rami."

"Lodinku ne ya yi yawa," in ji dattijon.

"Ba lodi ba ne, juyi ne. Saboda mangwaron bakin ƙofar nan, dole ka murɗa mota a wuri ɗaya kafin ka shiga, tayoyin baya su yi ta tonon ƙasa. Mai wurin ya sare shi kawai ya huta."

Dattijon ya dubi bishiyar.

"Marigayiya matata ce ta dasa shi, tun ba a yi katanga ba."

"Subhanallahi! Wurinka ne? Allah ya jiƙanta, Baba. Ka yafe mini."

"Amin. Ai gaskiya ka faɗa. In aka matsar da ƙofar fa?"

"Sai an rushe katanga. Ya fi sare bishiya wahala."

"Na sani, ɗana. Taso ka nuna mini inda za a fasa."