Fasfon Yaya Hajara a Tsumman Goro

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Daga ƙauyenmu kusa da Dawakin Tofa, ina sanar da ɗaukacin masu sauraro cewa yayata Hajara ta rabu da goro, kuma ba likita ne ya raba su ba.

Ɗanta ya kai ta wata ƙasar Larabawa jinyar ƙafa. Don tsoron ɓarayi, sai ta ƙunshe fasfonta a jiƙaƙƙen tsumman goronta. Da aka zo sabunta mata izinin zama, hoton ya jeme, ita kanta ba ta gane fuskarta ba. Aka ce ta kawo takarda ingantacciya, ko ta bar ƙasar ba a yi mata aikin ba.

Wata jami'ar ofishin jakadancinmu ta zo har gadon asibiti, ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Inna, goron dai bai bushe ba ko?"

Yaya ta ce, "Ko ɗaya, 'yar nan."

Ta ɗauke ta sabon hoto, ta yi ta zirga-zirga har izinin ya fito. An yi aikin lafiya.

Ina gaida 'yan majalisarmu ta gindin darbejiya, inda na sha cewa ma'aikatan jakadanci shayi kawai suke sha. Ban faɗi daidai ba.