Maganin Tsohuwa

A tashar mota na ji su, wata mai jaka a cinya da dattijon gefenta.

"Baba, motar nan ba za ta cika ba ne?"

"'Yata, gudu kike?"

"Aiki na bari. Shekara uku ina jinyar wata tsohuwa, jiya ɗanta ya mare ni."

"Kin yi musu sallama?"

"Da wane bakin? Wanda ya mare ni zan yi wa sallama?"

"To, wa zai ba tsohuwar magani?"

"Su suka sani! Ai ba ta haɗiyewa sai an niƙa a shayi, kuma ni kaɗai na..."

Sai ta miƙa wa dattijon hannu.

"Baba, ara min wayarka. Kukun gidan zan gaya wa. Ɗan nata kuwa, ya ji a gari."